Wanne Ya Fi Yawa? Jagorar Koya wa Yaro Kwatanta Manyan Lambobi da Jera Su

Wata safiya a watan Janairu, irin sanyin Jos ɗin nan da yara ke shigowa aji hannuwa cikin aljihun suwaita, na rubuta 989 da 1,002 a allo, na ce wa 'yan aji uku su nuna mini wanda ya fi yawa. Hannuwa da dama suka miƙe wajen 989. Na ta da wata yarinya da ke zama a bencin gaba, mai ƙoƙari ce ƙwarai, na ce ta gaya mini dalilinta.

Ta ce, "Malama, wannan duk manya ne a ciki, tara da takwas da tara. Wancan kuwa ɗaya ne da biyu kawai, sauran babu komai."

Na ce, "To, Baba ya riƙo naira ɗari tara da tamanin da tara a hannun dama, naira dubu ɗaya da biyu a hagu, ya ce ki zaɓa. Wanne za ki ɗauka?"

Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Na dubun mana, Malama."

Yarinyar ta san dubu ta fi ɗari tara. Yaron da ake aika kasuwa tun yana shekara biyar ba ya rikita wannan. Abin da ya ɓace mata shi ne ganin dubun a cikin rubutun. Idonta na kan girman kowace lamba ita kaɗai, bai kula da gidan da lambar take zaune ba. Duk aikin da ke gabanmu, iyaye da malamai, shi ne mu juyo da idon yaro kan gidan. Idan wannan ya zauna, kwatantawa da jerawa aikin 'yan kwanaki ne. Idan bai zauna ba, haka yaro zai yi ta canki-canka har ya shiga jarrabawar shiga sakandare.

Don kada mu rikita juna: a nan idan na ce "lamba", ina nufin ɗaya daga cikin goman nan, 0 zuwa 9. Idan na ce "adadi", ina nufin abin da suka haɗu suka bayar, kamar 4,506.

A fara da tsinke, a ajiye biro

Ku samo tsohuwar tsintsiyar kwakwa, ku kakkarya tsinkayenta kamar tsawon yatsa, su kai ɗari biyu ko fiye. Ku nemo robar ɗaure kuɗi. Yaro ya ƙirga goma da hannunsa, ya ɗaure. Ya sake ƙirga goma, ya ɗaure. Kada ku ɗaure masa, ko da yana ɓata muku lokaci, domin a wurin ɗaurin nan karatun yake. Idan ɗauri ya kai goma, a haɗa su da zare ko tsumma su zama dami guda, wato ɗari.

Doka ɗaya ce a wasan: ba a barin goma a warwatse. Tsinke tara na iya zama sake, amma da na goma ya zo sai a ɗaure. Ɗauri tara na iya zama, da na goma ya zo sai a yi dami. Wannan dokar ita ce tushen duk rubutun lissafin da muke yi, don babu gidan da ke ɗaukar abin da ya wuce tara.

Sai ku ajiye masa ɗauri uku da tsinke huɗu a gefe guda, ɗauri huɗu da tsinke uku a ɗaya gefen. Wanne ya fi? Idan ya yi shakka, ya kwance ya ƙirga. Zai samu 34 da 43. Lambobin iri ɗaya ne, uku da huɗu, amma mai ɗauri huɗu ya yi gaba. Daga nan ku ba shi ɗauri ɗaya tak, ku riƙe tsinke tara, ku ce a yi musaya. Yaron da ya ƙi ba da ɗaurinsa ɗaya a kan tsinke tara ya kama hanya.

Na sha ganin iyaye suna tsallake wannan matakin idan yaro ya kai aji huɗu ko biyar, wai ya girmi wasa da tsinke. Ni ban yarda ba. Ɗan aji biyar da ke cewa 989 ya fi 1,002 yana bukatar tsinken nan fiye da ɗan aji ɗaya, sai dai shi kwana biyu sun ishe shi.

Kuɗi da gidaje huɗu

Tsinke ba ya kaiwa dubu cikin sauƙi, sai a koma kan kuɗi. Mun yi sa'a, takardun nairarmu akwai ta 10, akwai ta 100, akwai ta 1,000, daidai da gidajen lissafi. Naira ɗaya ce ta yi wuyar gani, sai marfin kwalbar lemo ya tsaya a madadinta. Ba sai an fito da kuɗin gaske ba. Ku yanka kwalin sabulu ko na taliya, ku rubuta 10 a wasu, 100 a wasu, 1,000 a wasu. A wannan matakin ku bar 'yan hamsin da 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari biyar a gefe, suna dagula tsarin.

A bayan tsohuwar kalanda ku ja layi uku a tsaye, su ba ku gida huɗu. Daga hagu zuwa dama ku rubuta: dubu, ɗari, goma, ɗaya. Ku ce wa yaro, "Biya ni naira dubu biyu da ɗari uku da arba'in da biyar." Ya sa 'yan dubu biyu a gidan dubu, 'yan ɗari uku a gidan ɗari, 'yan goma huɗu, marfi biyar. Sannan a ƙarƙashin kowane gida ya rubuta yawan abin da ke ciki: 2, 3, 4, 5. Ga 2,345 ya fito da kansa, kuma yaron ya ga inda kowace lamba ta samo nauyinta.

Ni a aji nakan kwatanta musu da sarauta. Gidan ɗaya mai unguwa ne, gidan goma dagaci, gidan ɗari hakimi, gidan dubu sarki. Lamba biyar idan ta zauna a kujerar mai unguwa, biyar ce. Ita ɗin dai idan ta hau kujerar sarki, dubu biyar ce. Yara na son wannan misalin, kuma zai yi mana amfani nan gaba idan muka zo kan wanda ake fara gaisarwa.

Sifili, da yadda bakinmu ke faɗin adadi

A nan zan ɗan daɗe, don a nan yaran Hausawa ke da tasu matsalar da littattafan makaranta ba sa tsayawa a kai.

Mu a Hausa sunan gidan muke fara faɗa, sannan yawansa ya biyo: ɗari uku, dubu bakwai. A rubuce kuwa ukun ne ke gaba, 300. Yaron da ke rubuta abin da kunnensa ya ji bi da bi yakan rubuta ɗari, sannan ya liƙa uku, sai ka ga 1003. Ka ce masa dubu uku da biyar, ya rubuta 3000 ya ɗora 5, ya zama 30005. Wannan yaron ba daƙiƙi ba ne, amana ya riƙe wa kunnensa. Maganin shi ne kalandar nan mai gida huɗu. Dubu nawa? Uku, a sa 'yan dubu uku. Ɗari nawa? Babu. Goma nawa? Babu. Ɗaya nawa? Biyar. Gidan da babu kowa ba a rushe shi, sifili ake sawa ya yi gadi. Sai ga 3,005.

Ku nuna masa abin da ke faruwa idan mai gadin ya tashi. Ku goge sifilin biyu, 3,005 ya koma 35. Ku tambaye shi, "An ce za a ba ka dubu uku da biyar, aka miƙo maka talatin da biyar, ka yarda?" Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a lissafin firamare sifili ne hakin.

Akwai kuma maganar kasuwa. Idan ɗan kasuwa a kasuwar Farin Gada ta Jos ya ce "dubu ɗari da hamsin", kowa ya san 150,000 yake nufi. Amma yaro zai iya jin 100,050, kuma ba za ka ce ya yi laifi ba. Haka "dubu goma sha biyar" da "dubu goma da biyar": na farko 15,000, na biyu 10,005, kalma ɗaya ce tsakaninsu. Don haka idan kuna yi wa yaro shifta, ku cika maganar. Ku ce "dubu ɗari da dubu hamsin", ko "dubu ɗari da guda hamsin". Irin su "dubu uku da rabi" da "ɗari ba biyu" ku ajiye su sai ya ƙware, sannan ku dawo da su a matsayin wasan ƙwaƙwalwa, ya rubuta 3,500 da 98.

Wata rana yaro zai ce muku, "Ai lambar wayar Mama da sifili ta fara." Gaskiyarsa. Ku gaya masa lambar waya suna ce, kamar lambar mota ko ta gida, ba yawan wani abu take faɗa ba. Adadin da ke faɗin yawa ba ya farawa da sifili.

Tambayoyi biyu da ke raba gardama

Yanzu aka zo kan kwatantawa. Tambaya biyu ce, kuma ta farko dole ta riga ta biyu.

Ta farko: gida nawa kowanne ke da shi? Wanda ya fi yawan gidaje shi ne babba, magana ta ƙare, ba a ma duba lambobin ciki. 1,002 gida huɗu ne, 989 gida uku. Ko da an cika gida uku da tara-tara, 999 ke nan, bai kai dubu ba, saura ɗaya. A nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ku sa yaro ya ƙirga gidajen yana taɓa kowace lamba da bakin fensir, don ido kaɗai yana yaudara, musamman idan an rubuta wani adadin da manyan baƙaƙe ko an bar tazara a tsakani. Ni da gangan nakan rubuta 875 ƙato-ƙato, in rubuta 1,200 ƙanana a gefensa, in ga wanda zai faɗa tarkon.

Ta biyu, idan gidajen sun zo daidai: a fara daga hagu. Ka shiga fada, sarki kake fara gaisarwa, ba mai unguwa ba. A dubi gidan dubu na wannan da na wancan. Idan sun bambanta, an gama. 6,120 da 5,987: shida ta fi biyar, shi ke nan, tara da takwas da bakwai da ke biye ba su da ta cewa. Idan kuwa sarakunan sun zo ɗaya, a sauko kan hakimai. Su ma in sun zo ɗaya, a sauko kan dagatai. Gidan farko da aka samu bambanci shi ke yanke hukunci, kuma da an yanke ba a sake duba na ƙasa da shi.

Mu ɗauki 4,506 da 4,560. Kama da wane ba wane ba ne. Ku sa ya rubuta ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, gida a kan gida:

4,506
4,560

Ya rufe duka da tafin hannu ko guntun kwali, ya riƙa janyewa daga hagu a hankali. Huɗu da huɗu, kunnen doki. Biyar da biyar, kunnen doki. Sifili da shida, nan aka rabu. Na ƙasa ya fi. Shidan da ke ƙarshen na sama, wadda ta fi sifilin ƙarshen na ƙasa, ba ta da amfani a nan, don shida ce kawai a gaban sittin. Idan ya yi gardama, a koma kan kwalaye: marfi shida a hannu ɗaya, 'yan goma shida a ɗaya hannun.

Me ya sa yara ke son farawa daga dama? Mu muka koya musu. A tarawa da ɗebewa kullum muna cewa a fara daga gidan ɗaya, sai hannunsu ya saba. Ga kuma yaran da ke zuwa Islamiyya da yamma, idonsu ya saba da fara layi daga dama, kuma a Larabci ashirin da biyar ma biyar ɗin ake fara faɗa. Saboda haka ku faɗa masa a fili cewa tarawa daga ƙarami take farawa, kwatantawa daga babba. Kada ku ɗauka zai gane da kansa.

Alamomin nan uku

Sai yaro ya iya nuna babba da yatsa, ya kuma faɗi dalili, sannan a kawo masa >, < da =. Malamai da yawa da su suke farawa, shi ya sa za ka ga yaro ya san amsa amma ya faɗi saboda ya juya alama.

Hausa ta sauƙaƙa mana karanta su. Alamar > ita ce "ya fi". Alamar < ita ce "bai kai ba". Alamar = ita ce "daidai yake da". A karanta daga hagu kamar jimla: 6,120 > 5,987, wato dubu shida da ɗari da ashirin ya fi dubu biyar da ɗari tara da tamanin da bakwai. 989 < 1,002, wato ɗari tara da tamanin da tara bai kai dubu da biyu ba.

An saba cewa alamar bakin kada ce, tana buɗewa wajen abincin da ya fi yawa. Ba laifi, tana taimakon ƙanana. Abin da na lura shi ne wasu yaran kan tsaya a zanen haƙora, su sa alamar daidai, amma ka ce su karanta abin da suka rubuta sai su yi shiru. Na fi son dabarar ɗigo: ɗigo biyu, sama da ƙasa, a gefen babban adadi, ɗigo ɗaya a gefen ƙarami, sai a haɗa da layi. Babba ya samu biyu, ƙarami ya samu ɗaya. Kowace kuka ɗauka, kada ya wuce zuwa tambaya ta gaba sai ya karanta jimlar da baki. Kuma ya juya ta: idan 6,120 > 5,987, yaya za a rubuta in aka fara da 5,987?

Kada a manta da alamar daidai. Ku ba shi 3,000 + 400 + 7 a hagu, 3,407 a dama. Ku kuma ba shi "ɗari goma sha biyu" da 1,200. Irin wannan ke nuna ko ya fahimci gidaje ko haddar doka kawai ya yi.

Jerawa: hawa da sauka

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Akwanga ya san Hawan Kibo. Mai zuwa Jos hawa yake, daga ƙasa zuwa sama. Mai tafiya Abuja sauka yake. Haka jerawa take: hawa shi ne daga ƙarami zuwa babba, sauka daga babba zuwa ƙarami. A littafin makaranta da Turanci aka rubuta kalmomin biyu, kuma sun yi kama a ido. Ku ce yaro ya nuna muku su a littafinsa, ya rubuta "hawa" a saman ɗaya da fensir, "sauka" a saman ɗayar. Na ga yara da yawa sun jera adadi ba kuskure ko ɗaya, sai dai sun gangara inda aka ce su hau, maki ya tafi a banza.

Ga yadda nake so a yi. A ce an ba shi waɗannan ya jera su hawa: 4,560, 987, 12,003, 4,506, 1,100, 4,065.

Da farko ya rubuta kowanne a guntun kwali daban. Abin da ke kan kwali ana matsar da shi, abin da ke kan takarda sai an goge, kuma yaron da ya gaji da gogewa yakan bar kuskure yana gani. Sai ya kasa su kashi-kashi bisa yawan gidaje, kamar yadda mai tumatir ke kasa manya daban ƙanana daban. Mai gida uku: 987 shi kaɗai. Mai gida biyar: 12,003 shi kaɗai. Tun a nan an san na farko da na ƙarshe. Saura huɗu masu gida huɗu.

Su huɗun ya jera su a tsaye, gida a kan gida. Littafin lissafi mai akwati-akwati na da amfani a nan, lamba ɗaya a akwati ɗaya, kuma a daidaita su ta dama, gidan ɗaya a kan gidan ɗaya. Gidan dubu: 4, 4, 1, 4. Mai ɗaya ya fita, 1,100. Sauran ukun duk huɗu ne, a sauko gidan ɗari: 5, 5, 0. Mai sifili ya fita, 4,065. Saura biyu, kuma mun riga mun raba su a gidan goma. Jerin ya zama:

987 < 1,100 < 4,065 < 4,506 < 4,560 < 12,003

Abu biyu kafin ya ce ya gama. Ya ƙirga, shida aka ba shi, shida ya jera? Sannan ya bi su biyu-biyu, kowanne da maƙwabcinsa, ya tabbatar na hagu bai kai na dama ba. Idan aka ce sauka, ba sabon aiki ba ne, jerin nan ne a karanta daga ƙarshe.

Igiyar shanya ma makaranta ce. Ku maƙala 4,000 a wannan bakin, 5,000 a wancan, ku ba yaro kwalaye da abin maƙale kaya ya rataya kowanne inda ya dace. Ina 4,500 zai zauna? Tsakiya. To 4,065 fa? Can kusa da 4,000, kamar ya jingina da shi. 4,950? Wannan ke sa yaro ya ji nisan da ke tsakanin adadi a jikinsa, ya wuce sanin wanda ke gaba da wanda ke baya kawai.

Wasan da yarana suka fi so shi ne na kati huɗu. A ba su 0, 3, 5, 7, a ce su gina adadi mafi girma. Babbar lamba ta hau kujerar sarki: 7,530. Sai a ce mafi ƙanƙanta. Kusan kowa zai fara da sifili, ya kawo 0357, sai a tuna masa cewa wannan ɗari uku da hamsin da bakwai ne, gida uku, kuma gida huɗu aka nema. Amsar ita ce 3,057. Idan yara biyu ne a gida, a kifa katunan 0 zuwa 9, kowa ya ja ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye a gidan da ya ga dama, amma in ya ajiye ba ya ɗagawa. Wanda adadinsa ya fi ya ci. Ku zuba ido ku ga yaron da ya ja tara: inda ya ajiye ta zai gaya muku ko karatun ya shiga.

Idan adadi ya kai miliyan

'Yan aji biyar da shida kan tsorata da dogon adadi, alhali dokar ba ta canja ba. Abin da aka ƙara shi ne waƙafi. A ƙirgo gida uku daga dama a sa waƙafi, a sake ƙirgo uku a sa wani. Rukunin farko na ɗaiɗaiku ne, na biyu na dubbai, na uku na miliyoyi. Kuɗi na nan da amfaninsa: 'yan dubu-dubu guda goma 10,000 ne, bandir ɗaya na banki mai takarda ɗari 100,000 ne, bandir goma miliyan ɗaya.

A wannan matakin na fi son adadin gaske a kan na ƙirƙira. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Kano mutum 9,401,288, Legas 9,113,605, Kaduna 6,113,503, Bauchi 4,653,066, Filato 3,206,531, Nasarawa 1,869,377, Babban Birnin Tarayya 1,406,239. Duka gida bakwai-bakwai ne, don haka tambaya ta farko ba ta raba su, sai ta biyu. Kano da Legas duk tara ne a gidan miliyan, a gidan dubu ɗari suka rabu, huɗu da ɗaya. Legas da Kaduna kuwa tsakiyarsu iri ɗaya ce sak, 113, mai gaggawa zai ce kusan ɗaya suke, alhali miliyan uku ne tsakaninsu. Ku hargitsa su a kan kwalaye, yaro ya jera su sauka, ya nemo inda jiharsa ta faɗo.

Duwatsu ma na daɗi ga yaron Jos, tunda yana ganin Shere daga ƙofar gida. Ƙololuwar Dutsen Shere mita 1,829 ce daga saman teku. Chappal Waddi na jihar Taraba, mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Kilimanjaro na Tanzaniya 5,895. Shere na da takwas da tara a jikinsa, Chappal Waddi na da huɗu da ɗaya, amma biyu ta fi ɗaya a gidan dubu.

Idan ya yi kuskure

Kada ku ce "ba haka ba ne" ku ba shi amsa. Ku ce, "Gaya mini yadda ka yi." Amsarsa ce za ta nuna muku matakin da za a koma. Wanda ya ce 989 ya fi saboda manyan lambobi, a mai da shi kan tsinke da kwalayen kuɗi. Wanda ya ce 4,506 ya fi 4,560 saboda shida ta fi sifili, daga dama yake farawa, a dawo da rufewa da tafin hannu. Wanda ya ce 987 ya fi 1,100 saboda tara ta fi ɗaya, ya riƙe tambaya ta biyu ya manta ta farko. Wanda ya nuna babba daidai amma ya juya alama, ɗigo kawai yake bukata. Ku riƙa tambayar dalili ko da ya ci daidai, don a tambaya mai zaɓi biyu mai canka ma yana dacewa.

Bulala da tsawa ba su da gurbi a nan. Yaron da ke tsoro ba ya faɗin yadda ya yi tunani, fuskarku yake karantawa ya canja amsa, kuma da zarar ya daina faɗa kun rasa hanyar gyara shi. Minti goma sha biyar bayan la'asar, kullum, sun fi awa biyu ranar Asabar. Sauran a tsinta a hanya: farashin buhun dankali a rumfa biyu, lambobin da ke jikin mitar wuta jiya da yau, kilomitar da ke gaban direba.

Shekaru na ajiye a ƙarshe, don suna da tasu ƙura. Ku ba shi 1960, shekarar samun 'yanci. 1914, da aka haɗe Arewa da Kudu. 1976, da aka ƙirƙiro jihar Filato. 1952, da aka buɗe gidan tarihi na Jos. 1991, da gwamnatin tarayya ta ƙaura Abuja. 1975, da Jami'ar Jos ta tsaya da ƙafarta. Duka da 19 suka fara, sai a gidan goma ake rabuwa, 1975 da 1976 kuwa sai a gidan ɗaya. Idan ya jera su hawa, ya jera tarihi ke nan daga na da zuwa na baya-bayan nan.

Sannan ku ce masa: an haifi wata a 1958, an haifi wani a 1985, wa ya girmi wani? Da yawa za su ce na 1985, tunda adadinsa ya fi. Ku bar shi da amsarsa tukuna. Ku rataya 1958 da 1985 da shekarar da muke ciki a igiyar shanya, ya tsaya a kan ta bana, ya taka da baya zuwa kowacce yana ƙirga goma-goma, ya ga wadda ta fi nisa. In akwai kaka a gidan, ya je ya tambaye ta shekarar da aka haife ta, ko abin da ake yi a gari lokacin, ya dawo ya nemo mata wuri a igiyar.